Gajimaren aro: yadda wani mai ɗaukar hoto ya ci babbar gasa a Birtaniya, sannan aka karɓe kyautar

Wurin da aka ɗauki hoton

Lindisfarne ƙaramin tsibiri ne a gaɓar yankin Northumberland, can arewa maso gabashin Ingila. Teku na rufe hanyar motar da ta haɗa shi da tudu sau biyu a kowace rana, saboda haka duk mai niyyar zuwa sai ya duba jadawalin cikar ruwa da janyewarsa kafin ya kama hanya. A gefen gabas na tsibirin akwai wani tsohon gidan tsaro da aka gina a kan tsauni a tsakiyar ƙarni na 16, a bakin ruwa kuma, kusa da inda masunta ke tsayar da jiragensu, akwai tsofaffin jiragen kamun kifi da aka kife, aka yi musu ƙofa, suka zama rumfunan ajiye raga da igiya da sauran komatsai.

Waɗannan jiragen da gidan tsaron da ke hango su daga nesa suna cikin wuraren da masu ɗaukar hoton shimfiɗar ƙasa a Birtaniya suka fi yawan zuwa. Tun da jiragen ba sa motsi, tsaunin ma yana nan inda yake, abin da ke bambanta hoton wani da na wani shi ne haske da yanayin samaniya a lokacin da aka danna kyamara. Mutumin da wannan nazari ya shafa ya ɗauki nasa hoton a nan, baƙi da fari, jiragen a gaba da dogayen inuwoyinsu, gidan tsaron a baya, samaniya kuma cike da gajimare mai duhu da haske yana keto shi.

Tsohuwar matsalar samaniya

Idon mutum na iya ganin duhun gindin jirgi da hasken gajimare a lokaci guda, amma kyamara ba ta kai shi ba. Idan aka daidaita ta domin ƙasa ta fito sosai, samaniya kan wanke ta zama fari fat. Idan aka daidaita ta domin samaniya, ƙasa kan nutse cikin duhu. Matsalar ta fi tsanani a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da ake ɗaukar hoto a kan farantin gilashi da aka shafa wa sinadarin kolodiyon, domin wannan sinadari ya fi jin shuɗin haske fiye da kowane launi, har ya zama mafi yawan hotunan wancan zamani ba su da gajimare ko ɗaya.

Gustave Le Gray, wani mai ɗaukar hoto ɗan Faransa, ya yi suna a shekarun 1856 da 1857 da hotunan teku masu gajimare, kuma wasunsu daga faranti biyu ya haɗa su: ɗaya na ruwa, ɗaya na samaniya, ya buga su a takarda guda. Masu nazarin ayyukansa sun tarar da gajimare iri ɗaya a kan tekuna daban-daban. Ke nan musanya samaniya ta girmi Photoshop, manhajar gyaran hoto a kwamfuta, da fiye da shekara ɗari.

Daga baya an samo wasu hanyoyin da ba sa buƙatar aro. Akwai gilashin da ake maƙalawa a gaban kyamara wanda rabinsa na sama ke da duhu, ya rage hasken samaniya ya bar na ƙasa. Akwai ɗaukar hoto biyu ko uku a jere daga wuri guda, cikin 'yan daƙiƙoƙi, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu, sannan a haɗa su. Akwai kuma aikin ɗakin wanke hoto, inda ake ƙara wa wani sashe duhu a rage wa wani. Ansel Adams na Amurka ya ɗauki fitaccen hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez a 1941, kuma a bugun da ya riƙa yi daga baya ya ƙara wa samaniyar duhu ƙwarai fiye da yadda take a bugun farko. Duk da haka samaniyar wannan yammacin ce, ba ta wata rana ba. Hanya ta ƙarshe, wadda ta fi kowacce cin rai, ita ce haƙuri: a je, a tarar da samaniya ba ta da fasali, a koma gida, a sake dawowa.

Gasar da ƙa'idarta

Gasar gwarzon mai ɗaukar hoton shimfiɗar ƙasa ta Birtaniya, wadda Charlie Waite ya kafa, ta fara ba da kyauta a 2007, saboda haka ta 2012 ita ce karo na shida. A 2012 babbar kyautar fam 10,000 ce, ana kuma buga hotunan da suka yi fice a littafi, a baje su a Landan. A wannan shekarar rukunan manya guda huɗu ne: na shimfiɗar ƙasa kamar yadda aka saba, na mutane suna harkokinsu a fili, na birane, da na huɗu wanda aka ware domin mai hoto ya nuna nasa ganin yadda ya so.

Ƙa'idar ba ta hana gyara da kwamfuta ba. Ta yarda da daidaita haske da launi, ta yarda da haɗa hotuna da yawa na wuri guda domin shawo kan bambancin haske ko faɗaɗa fili. Abin da ta hana a rukunai uku na farko shi ne sauya zahirin wurin, kuma ta kawo misalai: cire shinge, matsar da itace, ko ɗauko samaniya daga wani hoto a liƙa. A rukuni na huɗu an sassauta. Mutumin ya shigar da hoton jiragen a rukuni na farko.

Ƙarshen Oktoba 2012: sanar da nasara

Alƙalan sun tantance dubban hotuna da ido, zagaye bayan zagaye, har suka tsaya a kan hoton jiragen a matsayin wanda ya ci gasar baki ɗaya. A ƙarshen watan Oktoba aka sanar, jaridu suka buga hoton, aka yi ta yabon yadda haske da inuwa suka zauna a cikinsa.

Wannan tantancewa ita ce shinge na farko da ya kamata ya tsayar da hoton, kuma bai tsayar da shi ba. Dalilin yana cikin irin tambayar da alƙali ke yi wa hoto. Yana duba tsari, da yadda ido ke bi daga gaba zuwa baya, da ko hoton ya taɓa zuciya, kuma gajimaren da aka liƙa da gwaninta yakan amsa duk waɗannan tambayoyi fiye da gajimaren da Allah ya kawo a ranar. A hoto baƙi da fari aikin ya fi sauƙin ɓuya, domin babu launin da zai tona asiri: da a ce mai launi ne, samaniyar faɗuwar rana a kan ciyawar da hasken hantsi ya haska za ta iya sa ido ya yi turus ko mai kallo bai san dalili ba.

Kwanakin da suka biyo baya: shaidar inuwa

Cikin 'yan kwanaki wasu ƙwararrun masu ɗaukar hoton shimfiɗar ƙasa, waɗanda suka san tsibirin kuma suka saba lissafin inda rana za ta kasance kafin su fita aiki, suka fara rubuta shakkunsu a intanet. Da farko maganar ta tsaya a kan zato, wani ya ce hasken ya yi kyau fiye da kima, wani ya ce hassada ce kawai ke damun waɗanda ba su ci ba. Irin wannan musu ba ya kai wa ko'ina, kuma bai kai ba, har sai da aka koma ga awo.

Awon da aka yi mai sauƙin fahimta ne ga duk wanda ya taɓa duba inuwarsa domin sanin ko azahar ta yi. Rana ɗaya ce, kuma tana da nisan da ya sa haskenta ke isowa a miƙe daga fuska guda. Idan aka ja layi a kan hoto daga ƙarshen inuwar wani abu zuwa gindinsa, aka zarce da shi, aka yi haka ga abubuwa da dama da ke tsaye a shimfiɗaɗɗen fili, layukan za su haɗu a wuri guda, kuma rana tana saman wannan wurin. Idan inuwar jirgi ta ce rana tana nan, hasken da ke keto gajimare kuma ya ce tana can, to ɗayansu baƙo ne a cikin hoton.

Akwai awo na biyu da ke ƙarfafa na farko. Lindisfarne na kusa da digiri 56 arewa da tsakiyar duniya. A can rana ba ta taɓa tsayawa a tsakar ka. A ƙarshen Yuni takan kai kusan digiri 58 daga ƙasa da tsakar rana, a ƙarshen Disamba kuma da ƙyar take kai digiri 11. Mafitarta na yawo tsakanin arewa maso gabas da rani da kudu maso gabas da hunturu. Tun da an san inda jiragen suke da inda gidan tsaron yake a taswira, an san fuskar da kyamara ta kalla, kuma akwai manhajojin da ke nuna matsayin rana a kowane wuri, a kowace rana ta shekara, a kowace sa'a. Da waɗannan ake gwada ko haske da inuwar da ke cikin hoto za su iya haɗuwa a lokaci guda. Masu binciken sun nuna cewa a hoton jiragen ba su dace da juna ba.

Abin da ya sa wannan hanya ta yi aiki inda ido ya gaza shi ne ba ta dogara da ɗanɗano ko martabar mai magana ba. Kowa na iya ɗaukar hoton da aka buga a jarida, ya sa ma'auni, ya ja layukan da kansa. Mai adawa da sakamakon sai dai ya kawo nasa layukan.

Farkon Nuwamba 2012: janye kyautar

Masu shirya gasar sun bincika, sun kuma tattauna da mai hoton. Bai yi musu ba. A sanarwar da ya fitar da kansa ya ce bai karanta ƙa'idojin ba, kuma bai san cewa ƙara gajimare da goge ƙananan abubuwa haramun ne a rukunin da ya shiga ba. Ya kafa hujja uku domin kare aikinsa: cewa bai taɓa gabatar da hotunansa a matsayin shaidar yadda wuri yake ba, cewa bai taɓa ɓoye irin gyaran da yake yi ba, kuma cewa duk wanda ya je wurin zai tarar da abubuwan da ke cikin hoton. Ya ce bai ga laifi a abin da ya yi wa hoton ba, amma ya amince cewa ya saɓa ƙa'ida, ya kuma karɓi hukuncin.

Masu gasar a nasu ɓangaren sun ce ba su ga alamar ya yi niyyar yaudarar alƙalai ba, sai dai yawan gyaran ya ba hoton fifikon da bai dace ba a kan sauran. Aka soke nasarar a farkon Nuwamba, ƙasa da mako biyu bayan sanar da ita, aka miƙa kambun da kuɗin ga wani mai ɗaukar hoto wanda ya ɗauki jerin tsofaffin gidajen haya a garin Port Glasgow na Sikotilan.

Hujjojin mai hoton guda uku ba su cece shi ba, kuma kowacce da inda ta tsaya. Ta farko gaskiya ce game da aikinsa gaba ɗaya, amma shigar da hoto a rukunin da ya haramta sauya zahirin wuri daidai yake da cewa wannan hoton bai sauya shi ba, ko mai shigarwa ya karanta ko bai karanta ba. Ta biyu ta wanke shi daga zargin zamba, shi ya sa ma sanarwar masu gasar ta yi masa sassauci, amma alƙalan da ke zaune gaban hoton ba su da wannan bayanin a lokacin da suke zaɓe. Ta uku kuwa ta shafi jirage da tsauni, alhali ba a kansu ake jayayya ba.

Daga 2015 zuwa 2023: aiki ya sauƙaƙa, bincike ya tsananta

A 2012 musanya samaniya aiki ne na mai haƙuri da ya iya Photoshop: sai ya zagaye bakin kowane rufi da kowane reshe, ya daidaita hasken ƙasa da na sabuwar samaniyar da hannu. A Nuwamba 2019 kamfanin Skylum ya fitar da manhajar Luminar 4 wadda ke yin wannan aiki da kanta, a Oktoba 2020 kuma kamfanin Adobe ya saka irin wannan a cikin Photoshop tare da tarin hotunan samaniya da mutum zai zaɓa. Manhajojin ba liƙawa kaɗai suke yi ba, suna kuma rina ƙasa da launin sabuwar samaniyar domin su saje. A 2019 ma an yi ta dariya a intanet kan wata mai wallafa hotunan tafiye-tafiye 'yar Ajantina, bayan an lura cewa gajimare guda ne ke bin ta ƙasa bayan ƙasa. Ta amsa cewa wata manhajar waya ce take amfani da ita, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Masu shirya gasanni sun koma ga ɗanyen fayil, wato abin da kyamara ke ajiyewa da sunan RAW kafin a taɓa shi, wanda ke ɗauke da hoton kamar yadda ya faɗo a kan na'urar da kuma bayanan lokaci da saitin kyamara. A gasar hotunan jarida ta World Press Photo ta 2015, da aka gwada hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe da ɗanyun fayilolinsu, an fitar da kashi 20 cikin ɗari saboda gyaran da ya wuce iyaka. A 2021 aka kafa wata sabuwar gasar hotunan shimfiɗar ƙasa, Natural Landscape Photography Awards, wadda ta haramta musanya samaniya kuma take duba ɗanyen fayil kafin ta sanar da wanda ya ci. Cikin waɗanda suka kafa ta har da mutanen da suka ja layukan inuwa a kan hoton jiragen shekara tara kafin nan. A Oktoba 2023 kamfanin Leica ya fitar da M11-P, kyamarar da ke sa wa hoto hatimin dijital tun lokacin ɗauka, ta yadda za a iya bin sawun gyaran da aka yi masa daga baya.

Hukunci

Soke nasarar daidai ne, kuma ba ya buƙatar a ce mai hoton maƙaryaci ne ko aikinsa ba shi da kyau. Sauran waɗanda suka shiga rukunin sun yi gasa da samaniyar da suka tarar, wasunsu bayan sun yi sammako sau da yawa a banza, shi kuma ya yi gasa da samaniyar da ya zaɓa. Masu shirya gasar ma suna da nasu kason, domin ƙa'idar da aka rubuta amma ba a tabbatar da ita kafin sanarwa ba ta bar aikin bincike a hannun jama'a, kuma mutumin da aka ɗaga a jaridu aka sauke cikin kwanaki ya ɗanɗana kunyar da duba fayil guda tun farko zai iya kare shi daga gare ta.

Game da babbar tambayar, ko hoton da aka musanya wa samaniya hoto ne ko zanen kwamfuta, ra'ayina shi ne hujjar Le Gray tana da ƙarfi amma ba ta kai inda ake son kai ta ba. Ta tabbatar da cewa haɗa samaniya da ƙasa daga ɗauka biyu tsohuwar sana'a ce a cikin aikin hoto, saboda haka ba za a kore ta daga gidan ba don kawai yanzu da kwamfuta ake yi. Kowane ɓangare na irin wannan aiki haske ne da ya ratsa gilashin kyamara, ba alƙalami ya zana shi ba. Amma tsufan al'ada bai mai da abin da aka haɗa ya zama abin da aka gani ba. Sunan da ya dace da shi shi ne haɗaɗɗen hoto, kuma wuri ne na uku tsakanin biyun da ake jayayya a kansu.

Inda na rabu da mai hoton shi ne a lissafa gajimare cikin ƙananan gyare-gyare. A hoton shimfiɗar ƙasa samaniya ita ce fitilar da ta haska komai: ita ke yanke tsawon inuwa da fuskar da za ta kwanta, da ƙyallin ruwa, da kaifin bakin dutse. Wanda ya ƙara wa samaniyarsa duhu, kamar yadda Adams ya yi, ya ƙara murya ne a kan abin da ya faru. Wanda ya ɗauko ta wata rana ya sauya sa'ar da hoton ke iƙirarin an ɗauke shi, kuma a wuri irin Lindisfarne, inda jirage da tsauni na kowa ne, sa'ar ita ce kaɗai abin da mai hoto ya kawo daga wurinsa. Shi ya sa inuwa ce ta tona lamarin ba wani abu ba.

Darajar hoto a wurin mai kallo ta ginu ne a kan abin da muke nufi da gani ya kori ji, kuma wannan amana tana aiki ne gwargwadon abin da mai kallo ya ɗauka an yi masa alkawari. Wanda ya tsaya gaban labulen situdiyo mai zanen bene da furanni bai yaudari kowa ba, domin duk wanda ya ga hoton ya san labule ne. Haɗaɗɗen hoton da aka rataye a bango ko aka sayar da sunansa na gaskiya haka yake. Matsalar na tasowa ne idan aka ajiye shi a inda mai kallo ke ɗaukar cewa wani ya tsaya a wurin ya ga wannan hasken da idonsa: shafin labarai, tallar gida ko masaukin baƙi, ko rukunin gasa da ya hana sauya wuri. Gasar 2012 tana da rukuni na huɗu da aka buɗe domin irin aikin wannan mutumin, a cikin takardar ƙa'idojin da ya ce bai karanta ba.